Kiran da Mati Ya Yi Daga Bisa Teku

Mati manomin auduga ne a wani ƙauye na yankin Jazira. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da matarsa Lami, bai taɓa yin nisa da ita ba. Ko yana gona, sai ya hau tudun bakin ruwa, inda waya ta fi kama shabaka, wato layin sadarwa, ya kira ta ya ji yadda ta wuni.

Da ɗansu Sharfuddeen, mai aiki a Jidda, ya shirya masa tafiya Umra, Mati ya ƙi. Ya ji ana kashe waya a cikin jirgi, shi kuwa ya ce ba zai shiga inda muryar Lami ba za ta iso shi ba.

"Baba, tafiyar ba ta da tsawo," in ji Sharfuddeen.

"Ciwo bai san tsawon tafiya ba," Mati ya amsa.

Lami da kanta ta yi ta faɗa ya tafi, amma ya kafe. Shekara ta zagayo yana kan bakansa, har Sharfuddeen ya binciko jirgin da ke da shabaka a cikinsa. Sannan Mati ya ɗauki haraminsa.

Suna bisa teku ya kira. Lami ta ce jikarsu ta ba ta magani, ta kuma ci tuwon asida. Sai ta tambaye shi abin da yake gani. Ya daɗe yana leƙen taga, sannan ya fara kwatanta mata ruwan a hankali, don ita ba ta taɓa ganin teku ba.