Hanjin Madina Mai Tuwo

Duk direban da ya taɓa lodi a tashar Laranto ya san Madina mai tuwo. Gajeriyar mace ce mai kaifin baki, wadda ta aurar da 'ya'yanta mata kaf da tuwo da miyar kuka. Asibiti kuwa a wurinta na ragwaye ne. Kowane ciwon ciki jar kanwa ta ishe shi.

Ranar da hanjinta ya murɗe, sai da ta sallami mai ciniki na ƙarshe sannan ta faɗi. Likitoci suka buɗe cikin, suka tarar yawancin hanjin ya mutu, suka yanke. Guntun da ya rage ba ya riƙe abinci, sai aka koma ciyar da ita ta jijiya da wani farin ruwa a leda.

Aka fara maganar dashen hanji a ƙasar waje. Dokta Pam, wanda ya yi mata aikin, ya ce a hanzarta tun da sauran ƙarfinta. Dokta Ngozika, mai kula da abincin jijiyar, ta ce a dakata: jiki na iya ƙin baƙon hanji, don haka ba a dasawa sai hanta ta fara gajiya ko jijiyoyi sun toshe.

Madina ta saurare su tsaf. "Wato ban lalace yadda ake so ba ke nan. In na ƙara lalacewa fa?"

"In ya yi yawa, Mama, aikin ba zai yiwu ba," in ji Dokta Pam.

"Madalla da boko. Sai ku riƙa latsa ni kamar tumatirin kasuwar Farin Gada, ku ɗauke ni tsakanin nuna da ruɓewa."

Ƙaninta Shu'aibu ya bugi ƙirji a gaban dangi cewa zai ba da nasa hanjin. Da aka kira shi gwajin jini, sai tafiyar gaggawa zuwa Bauci ta taso masa.

Wata da watanni likitoci na ta zaman shawara. Guntun hanjin nan kuwa, da ba wanda ya gayyace shi taron, ya soma karɓar kunu, daga baya har da faten dankali.

Ba a yi dashen ba. Madina ta koma gida a rame, tana cin abinci cokali-cokali, tana zuwa ƙarin ruwa lokaci-lokaci. In ta je, kowanne cikin likitocin nan biyu sai ya tara ɗalibansa ya nuna musu ita, shaidar cewa shi ne ya yi daidai. Takan gaishe su duka biyun, ta ce a ba ta kujera.