Baƙin Tabon da Ke Diddigen Babana

Babana manomin albasa ne a Sisawa, ban san shi da takalmi ba sai ranar Juma'a. Ƙafarsa duk faso, kamar ta kowa. Shi ya sa da wani baƙin tabo ya fito masa a diddige ba wanda ya kula. Ya ce ƙaya ce ta karye a ciki. Wanzami ya tona, bai ga ƙaya ba. Tabon ya yi faɗi, ya fara tsatstsafar ruwa.

Lokacin mulkin Turawa ne, akwai wani Baturen likita da kan zo Wurno rangadi. Na ɗora Baba a jaki na kai shi. Baturen ya daɗe yana juya ƙafar, sannan ya ce, ta bakin malamin asibiti, ido ba ya gane irin wannan, sai an yanki ɗan nama an aika Ikko an duba. Ya yi masa allura, ya yanki kamar ƙwayar wake, ya jefa a kwalba.

Labari ya riga mu isa gida. A wajenmu ba a san asibiti na yankar fatar kowa ba sai wanda ake zargi da kuturta. Shi ke nan, an gama wa Baba shari'a. Abokan cin tuwonsa suka ware masa kwano. A masallaci sahu ya riƙa yin giɓi daidai inda ya tsaya. Ƙanensa, wanda Baba ya yi wa aure da guminsa, ya daina miƙa masa hannu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Baba ya daina fita, ya rame, kuma ba ƙafar ce ta ramar da shi ba.

Da Baturen ya sake zagayowa muka koma. Malamin asibiti ya ce, "Baba, an duba. Ba kuturta ba ta. Ciwon daji na, mugu. Likita ya ce a tai Sakkwato a yanke ƙahwar tun bai hau sama ba."

Ni na san ana kukan targaɗe ne ga karaya ta samu. Baba kuwa maganar farko kaɗai ya ji.

"Mi kac ce? Ba kuturta ba ta? Alhamdu lillahi! Hwaɗi da ƙarhi mutane su jiya."

A hanya na yi ta roƙonsa ya yarda a yanke. Ya ce, "Kai yaro na. In koma gida da dungu, wa ka yarda ba kuturu ni ke ba? Cewa za su yi ga ta nan ta ci ƙahwa."

Rago ya yanka. Duk waɗanda suka guje shi suka hallara. Ƙanen nan nasa ya fi kowa girman loma, yana rantsuwa shi dama bai taɓa yarda da zancen ba. Na tsaya ina kallonsu kamar in kifar da kwanon.

Kafin a cire albasar shekarar ƙulli ya fito masa a cinya, daga nan ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Ƙanen ne ya yi masa wanka. Da ya fito ya dubi masu zaman makoki ya ce, "Mun gode Allah, ya tahi da gaɓɓainai duka. Ba mai goranta muna."

Suna ta gyaɗa kai. Na tashi na bar musu tabarmar.