Awon da Ban Taɓa Yi Ba

Shekara goma sha tara na yi ina saka rigar mama wadda ba daidai da ni ba. Bakwai daga cikin shekarun nan ina koyar da lissafi ne a wata firamare a yankin Auyo, har da darasin awo.

Ta farko Gwaggo ce ta kawo mini, ƙanwar babanmu, ina aji biyu a ƙaramar sakandare. A baƙar leda ta ƙunso ta, ta jefa mini a kan gado ta ce, "Ga shi nan, ki riƙa sakawa, kin fara zama mutum." Ta juya ta fita, ni kuwa ban ɗaga kai ba. Innarmu kuwa ban taɓa jin ta ambaci sunan abin ba. In ya zama dole sai ta ce "ta ciki." A jikin rigar akwai ɗan ƙyalle da aka rubuta talatin da shida. Na ɗauka lambata ke nan har abada, kamar sunan yanka.

Da na fara saya da kaina, wurin wani mai gwanjo nake zuwa a kasuwar Hadejia, dattijo mai furfura wanda a shekaru ya yi jika da ni. Sai na wuce rumfarsa sau biyu ina jiran mutane su ragu. In na tsaya, zannuwan gado nake fara tayawa, sannan in miƙa hannu ta ƙarƙashin hijabi in zaro ɗaya daga cikin tulin, in saci kallon lambar, in dunƙule ta a hannu. Ban taɓa buɗe ta na duba ba sai na isa gida.

Na yi aure, na haifi biyu, na shayar da su, jikina ya buɗe. Lambar ba ta canza ba. Da rigar ta daina kaiwa, sai na yanko ƙyalle na ɗinka a baya don maƙalan su haɗu. Kafaɗuna suka yi kwari inda igiyar take bi. Da zafi, ƙarƙashin ƙirjina yakan saɓule ya yi ja, in barbaɗa hoda in yi shiru. Na ɗauka haka kowace mace take ji, kuma wahalar mace ba a fasa ta a bainar jama'a.

Daga gida zuwa makarantarmu babur ake hawa. Da damina hanyar fadama takan lalace, ruwa ya kwanta tsakanin gonakin shinkafa, wani wurin ma sai an ɗora babur a kwalekwale. Kowane rami mai babur ya faɗa, sai in ji kamar an soka mini tsinke a gefen hagu. Wata ranar Juma'a ina wanka na taɓa wurin, na ji wani abu mai tauri kamar ƙwayar gurjiya. Ba a daɗe ba da muka yi zaman makokin wata maƙwabciyarmu da ciwon daji ya cinye wa nono.

Wata biyu na riƙe maganar a cikina. Maigidana ya ga ina ramewa ya tambaye ni, na ce masa gajiyar hanya ce. In ina rubutu a allo sai in tsaya da alli a hannu ina tunanin wa zai riƙe mini yara. Har yafiya na fara neman mutane, suna mamaki. Abin da ya hana ni zuwa asibiti ba tsoron abin da za a faɗa mini ba ne kawai. Tunanin in cire riga a gaban wani ne ya fi tsaya mini a rai.

Ranar da na je, hijabi mafi girma na saka, na zauna a ƙarshen benci ina addu'ar kada in haɗu da uwar wani ɗalibina. Allah Ya taimake ni aka tura ni wurin mace, wata nas babba, gajera, mai zanen Barebari a fuska, tana magana da sauri-sauri.

"Malama, cire mu gani," in ji ta.

Na cire hijabi, na cire riga, na tsaya. Ta ce, "Har da ta cikin." Da na juya baya zan ɓalle, sai ta matso ta leƙa bayana. Ƙyallen da na ɗinka ta gani, atamfa ce shuɗiya a jikin farar riga da ta koma ruwan ƙasa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ta duba ni a hankali, ta danna nan ta danna can, ta sa na ɗaga hannu. Sannan ta ɗauki rigar daga kan kujera ta juya ta. Wayar da ke ƙarƙashin kofin hagu ta huda ƙyalle ta leƙo, bakinta har ya yi tsatsa. Ta ɗora yatsa a kan wurin da ke mini ciwo, ta nuna mini wayar.

"Ga ciwonki nan," ta ce. "Wurin ya yi kanta ne saboda suka. Amma ba zan sallame ki da bakina kawai ba, za ki je a yi hoto mu tabbatar. Lamba nawa kike sakawa?"

"Talatin da shida, Sista."

"Tun yaushe?"

Na faɗa mata. Ta riƙe haɓa. "Wa ya auna ki?"

Na ce ai ban san ana aunawa ba. Ta tambayi aikina, na so in yi ƙarya, bakina ya riga ni. Da ta ji na ce lissafi nake koyarwa, ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Tef ɗin da take auna cikin masu juna biyu ta ciro daga aljihu, ta juya shi ta gefen inci. Ta zagaya shi ƙarƙashin ƙirjina ta ce in saki numfashi: arba'in. Ta zagaya ta sama inda ya fi cika: arba'in da huɗu.

"To Malama, ɗebe mini."

"Huɗu," na ce, murya kamar ta 'yar aji ɗaya.

"Kowane inci harafi ne na girman kofi. Na huɗu shi ne D. Ke arba'in ce da D, kin cusa kanki a ta 'yan mata." Ta ce in na samu in gwada kafin in ɗauka, domin kowane kamfani da irin ɗinkinsa. Bayan rigar ya kwanta a miƙe, kada ya hau sama. Yatsa biyu su iya shiga ƙarƙashi. Sabuwa a maƙalin farko ake ɓalle ta, don in ta saki a matsa ciki. Ina jin ta, amma idona na kan yatsun ƙafata.

Hoton ya fito lafiya lau bayan mako ɗaya. Na yi sujada, na yi kuka, sannan wata sabuwar kunyar ta rufe ni: me zan ce wa mutanen da na nemi yafiyarsu? Maigidana kaɗai na gaya wa, shi ma rabin zancen. Ya ce, "Yanzu duk ramar nan a kan waya ce?"

Nas ɗin ta kwatanta mini gidan wata Hajiya da ke sayar da kayan mata a cikin ɗaki. Can na gwada guda shida a bayan labule, tana miƙo mini tana cewa, "Sunkuya, 'yata, ki bari su zauna da kansu." Ta biyar ce ta yi. Na ja numfashi ya tafi har ƙasa ba abin da ya tare shi. Na tsaya ina jan wani, Hajiya tana tambaya ko lafiya.

A hanyar komawa ne na tuna da Inna, yadda take yawan tura hannu ta wuyan riga tana gyara kafaɗa in tana tankaɗe. Na yi niyyar in je da tef in auna ta. Sau uku ina zuwa gidan da shi a jaka, muna hirar ruwan da ya ci gonar kawu a Kirikasamma, muna hirar tsadar kifi, in tashi in tafi. A ƙarshe da ido na ƙiyasta, na sayo biyu masu lamba daban-daban, na tura su ƙarƙashin filonta lokacin da take salla.

Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan kwana goma na je gaishe ta na tarar tana shanya. Ɗaya daga ciki na kan igiya, ta lulluɓe ta da zane, igiyar kafaɗar kaɗai ta leƙo. Ɗayar kuma da zan tafi na same ta a jakata, a naɗe, da takardarta ba a cire ba.