Kafaɗar Bawah

Duk wanda ya kuskura ya ce wa Shetu mijinta jarumi ne, sai ya yi da-na-sanin buɗe baki. Jarumtar ce ta cinye wa Bawah kafaɗar dama, kuma ba masu yabon ke shafa masa man zafi ba, ita ce.

Bawah ɗan zongon Aboabo ne a Kumasi. Yana saurayi yana dakon buhunan masara a kasuwa wani koci ya ƙyalla ido ya gan shi, ya ja shi wasan zari-ruga, irin wanda ake yi mutum goma sha uku kowane ɓangare. Daga nan sai Accra, daga Accra sai wata ƙaramar ƙungiya a arewacin Ingila. Aikinsa ɗaya ne: ya rungumi ƙwallo ya kutsa cikin ƙarti, su taru su maka shi da ƙasa. A wasan kuwa, wanda aka kayar shi ne zai miƙe nan take ya tura ƙwallon baya da ƙafa, in ya jima a kwance ya cuci abokansa. Abin da suka dasa masa a kai ke nan. Kafaɗa ta goce, a danna ta ta koma, a tsira masa allura, ya ruga fili. Da ta ƙi zama gaba ɗaya, suka tafa masa, suka ba shi rigarsa cikin gilashi, suka ɗauko ɗan wani.

Da wannan kafaɗar ya zo Doha, ya sami aikin lodin akwatuna a filin jirgi. Shetu ta biyo shi, tana goge-goge a wani kanti a unguwar Old Airport. 'Yarsu Adjara suka bar ta wajen kakarta tana koyon magana, da niyyar ɗauko ta ba da jimawa ba. Sai korona ta rufe hanya. Yarinya ta girma a cikin waya. Duk kiran da za su yi, Bawah sai ya bugi ƙirji ya ce, "Ranar da kin zo, zan ɗora ki a wuya sai kin taɓa silin." Adjara ta riƙe maganar nan gam, har ƙawayenta ta gaya wa.

A zaman kullen ne Shetu ta gane ciwon ya wuce man zafi, don ko bokitin wanka da hagu yake ɗauka. Da aka buɗe gari ta tasa shi gaba zuwa wajen Dakta Mu'azu, wani likitan ƙashi Bakano. Likita ya duba hoto ya ce jijiyar saura ƙiris ta tsinke. A ɗinke ta yanzu, ya huta wata da watanni, hannu zai dawo. In ya ci gaba da lodi, babu tabbas.

Bawah ya yi ta ja har Gasar Kofin Duniya ta ƙarato, jirage suka fara sauka kamar fari. Abin da ya fi ƙona wa Shetu rai shi ne babu wanda ya tilasta shi. Shugabansu ma ya ce ya ɗauki hutun jinya.

"Baban Adjara, ka je a yi aikin nan," in ji ta.

"A gama gasa tukuna. Yara sun yi kaɗan a shif, ba na barin su."

"Su waye yara? Su ne za su ba ka hannu in naka ya mutu?"

"Khalas, magana ta ƙare, Shetu. Ban taɓa fita fili ana cikin wasa ba."

"Wane wasa? Akwatin mutane ne fa! Akwati ba ya tafa ma kowa koraa, ko kaɗan!"

Ya sa takalminsa ya fita.

Ana tsakiyar gasa abokin aikinsa Abass ya shigo kantin yana washe baki, wai ya kawo mata labarin alfahari. Kafaɗar Bawah ta goce a cikin jirgi, ya jingina da ƙofa ya buga ta ta koma, ya ci gaba da lodi har aka tashi. Shetu ta bi shi da sandar goge ƙasa har bakin titi. Ta tsine wa kocin Kumasi, ta tsine wa masu allura, ta dawo ta zauna kan bokiti tana kuka don takaici.

Bayan an gama gasar Bawah ya kai kansa asibiti, yana taƙama ya cika alkawari. Dakta Mu'azu ya daɗe yana kallon sabon hoton. Ya ce za a yi abin da za a iya, amma hannun ba zai ƙara wuce ƙirji ba.

Da Sanatu ƙanwar Shetu ta kawo Adjara ziyara, suka je tarbar su a filin jirgin da yake aiki. Yarinya ta hango shi, ta saki hannun innarta, ta sheƙo da gudu hannuwa a sama.

"Baba, ɗora ni!"

Ya sunkuya, ya kama ta, ya yunƙura. Hagu ta tashi, dama ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, haƙoransa a cije, gumi na keto masa. Shetu ta san zai yi ta gwadawa har ya yar da 'yar mutane. Ta ture shi gefe, ta saɓa Adjara a nata wuyan.

Daga can sama yarinyar ta leƙo shi, ta ce, "Ba kai ka ce ba?"

A karo na farko tun da Shetu ta san shi, Bawah ya zauna a ƙasa bai tashi ba.