Sausan Mai Ɗinkin Kujeru da Manhajar Haihuwa

Sausan tana ɗinkin rigunan kujeru a shagon yayanta a garin Dumyat da ke bakin teku. Ta daɗe da auren Shukri, amma ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Shi masunci ne, jirginsu kan yi makonni a teku kafin ya dawo, rana ta gasa shi.

Ƙanwarta Rabab ce ta sa mata wata manhaja a waya, wadda mace ke gaya wa ranakun al'adarta, ita kuma ta lissafa lokacin da ciki ya fi saurin shiga. Abin ya zama na dariya a gidan, don duk ranar da wayar ta zaɓa Shukri na tsakiyar ruwa. In ya dawo sai ya leƙa ya ce, "Hajiyar taki ta ba ni izini yau, ko in koma?"

Sausan ba mai yawan kuka da ciwo ba ce, amma wayar ba ta gulma, sai ta riƙa amsa mata tambayoyi tsakani da Allah: tana jin sanyi ana tsananin zafi, gashinta na bin mataji, barci na sace ta a kan keken ɗinki. Wata safiya tana cin wake da gurasa saƙo ya shigo. Manhajar ta ce ita ba likita ba ce, amma waɗannan alamu da jinkirin al'ada sun isa a gwada jininta, a duba ƙwayar maƙogwaro, wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo.

Ranta ya ɗan sosu. Haihuwa take nema, me ya haɗa ta da wuya? Ta share zancen har Shukri ya dawo, shi ya matsa suka tafi ganin wata likita a garin Mansura. Likitar ta tabbatar ƙwayar ta yi sanyin aiki, ta rubuta mata maganin sha kullum da safe, ta kuma ce a gwada maigidan. Ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya bi wani ma'aikacin asibitin aka gwada shi.

Lafiyarta ce ta fara dawowa. Sanyin ya sake ta, ta koma gama aiki kafin la'asar har ta biya ta gidan mahaifiyarta. Cikin bai zo ba sai da shekara ta zagayo, lokacin ma ta rage duba wayar.

Ta haifi 'ya mace, suka sa mata suna Bahira. Sausan kan shimfiɗa ta a kan soson kujerar da ba a gama ba, ta yi ta barci, ƙarar guduma ba ta tashinta.