Kwalin Baba Isuhu da Ya Tafi Kano

Duk wanda ya taɓa jerawa da Baba Isuhu a Abu Hail ya san ba a zagaya abu a bar shi a hannun dama. Ko mota ce a ajiye, ko kwandon shara, ko wani Alhaji da ya tsaya yana waya a tsakiyar hanya, sai Baba ya bi ta inda abin zai kasance a hagunsa. In ka bi ta ɗaya ɓangaren, sai ya tsaya cak.

"Rekomanse," zai ce da Faransancinsa na mutanen Nijar, wato sake daga farko.

"Haba Baba, ai wuri ɗaya za mu ɓulla."

"Wuri ɗaya, amma kai da mainos, alamar ragewa, a gaba za ka isa. Bakano, ko ɗawafi ba ka taɓa gani ba?"

Yawancinku a kan sikeli kuka san shi, yana auna kaya a shagon kago, inda ake tura kaya gida, yana faɗa da masu cusa takalma a cikin tukwane. Kafin Dubai malamin lissafi ne a Damagaram. Ni kuwa buƙata ce ta kai ni wurinsa. Ina karatun injiniyan lantarki, kuma akwai kwas ɗaya, Complex Analysis, lissafin lambobin nan masu harafin i, da ya kayar da ni sau biyu. Makaranta ta rubuto cewa na uku ne na ƙarshe. In na faɗi an sallame ni, bizata kuma ta makaranta ce, sai Kano, bayan shekara huɗu, hannu Rabbana. Wani abokin ɗakinmu a Al Nahda ya ce akwai tsoho a Abu Hail da yake gyara wa kwamfutar shago lissafi, in je in gwada.

Baba ya duba takardata ta jarrabawar baya, ya juya ta, ya sake juyowa.

"Wannan kai ka rubuta, ko barci kake yi aka rubuta maka?"

"Ni ne, Baba."

"Bon. Shekara talatin ba wanda ya tambaye ni wannan lissafin. Da Allah ya tashi kawo mini ɗalibi, sai ya kawo Bakano."

Darasin farko a kan difarenshiyeshin ne, wato auna yadda abu yake sauyawa. Ya ce a lissafin da na saba, ta gaba ko ta baya kawai ake tunkarar ɗigo, kamar mai tafiya a kan layin dogo. A wannan kuwa fili ne, ta ko'ina ana iya zuwa, kuma dole amsa ta zama ɗaya, in ba haka ba babu ita. Na ce ban gane ba. Sai ya nuna mini mai shagon, Alhaji Sabo, yana zaune a bayan tebur.

"Je ka ta ƙofa ka tambaye shi yaushe kwantena za ta tashi."

Na je. Alhaji ya ce gobe insha Allah.

"Yanzu zagayo ta sito ka sake tambaya."

Alhaji bai ɗago kai ba ya ce sati mai zuwa.

"Ka gani? Alhaji ba ya difarenshiyetuwa," in ji Baba, da ƙarfi, yadda Alhaji zai ji. Wallahi daga ranar ban sake mantawa da wannan sharaɗin ba. Alhaji ma bai manta ba, ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwata.

Zagaye kuwa, wato contour integration, da ƙafa aka koya mini shi, a watan Agusta, bayan La'asar. Baba ya tsaya a inuwa ya ce in zagaya wani fili da ake ajiye motoci in dawo. Na dawo rigata ta manne a baya.

"Me ka samo?"

"Ba komai sai gumi."

"To amsar ke nan, sifili. In ka zagaya ka dawo inda ka fara, kuma babu rami a cikin abin da ka kewaye, ba ka samo komai ba."

Rami shi ne sunan da ya ba wa wurin da lissafi yake fashewa, inda za ka tarar kana rabawa da sifili. Ya sake tura ni in kewaye layin da ke da kafteriyar Indiyawa a tsakiya, in taho masa da shayin karak. Na bi ta lungu don in rage hanya, na dawo ina jiran faɗa. Ya karɓi kofin ya kurɓa.

"Ko ta lungu, ko ta titi, ko ka bi karkace kamar maye, duk ɗaya ne. Ramin da ka kewaye kawai ake tambaya, da abin da ka ɗebo a cikinsa." Ya miƙo mini kofin ba komai. "Akwai ramuka biyu a tambaya ta gaba."

Sau huɗu na sayo shayi ran nan.

Takarda kuwa Baba ba ya saye. Cewa yake wanda ke zaune cikin kwalaye ya sayi takarda ya yi almubazzaranci. A jikin kwalin kaya yake rubutu da maka, alƙalamin nan mai kauri, ya hana ni ɗaukar hoto da waya, wai abin da waya ta riƙe kai ba ya riƙewa. Saura kwana goma jarrabawa ya cika wani babban kwalin firji da tambayoyi shida, kowace da warwararta, ɓangare huɗu har da murfi. Ya ce in na iya waɗannan na gama. Na kwafi ta farko, aka kira Magariba, na ce gobe na ƙarasa.

Washegari babu kwali. Masu ɗaurin kaya sun cika shi da abayoyin wata Hajiya Talatu, sun naɗe da salatif, ya bi jirgi zuwa Kano.

Innalillahi! Na zauna a kan sikeli. Na ce Baba ya sake rubutawa. Ya ce shi ba ya rubuta abu sau biyu, ko a Damagaram bai yi ba. Na roƙe shi don Allah don Annabi. Ya ce kwali yana nan lafiya, an san inda yake, a jira ya sauka.

Kwana biyar muka jira. Ran na shida Baba ya kira Hajiya, ya sa wayar a amsa-kuwwa.

"Hajiya, kaya sun iso lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Isuhu. Amma wane ne ya yi mini rubutun tsibbu a jikin kwali? Akwai wani abu kamar maciji da zobe a cikinsa!"

"Alamar zagaye ce, Hajiya. Karanto mana abin da ke gabansa."

"A'uzubillahi, ni ba zan karanta ba. Ai na sa an yaga shi an hura gawayi. Saura ɓari guda da kaji suke kwana a kai."

Da ƙyar ta yarda aka turo hoton ɓarin. Ashe a ɓarin nan Baba ya jera tambayoyin duka daga sama, amsoshin kuwa duk sun tafi wuta. Na kai wa Baba ina kusan kuka. Ya duba, ya ce madalla, Hajiya ta fi shi iya koyarwa. Ya jawo sabon kwali ya miƙo mini maka. Kwana huɗu ina warware su da kaina, yana zaune yana auna kayan mutane, ba ya cewa komai sai rekomanse. Na tsane shi a kwanakin nan, ba zan ɓoye muku ba.

Ranar da na rubuta jarrabawa aka kwantar da shi a asibiti, ciwon zuciya. Na je da yamma da 'ya'yan itace. Ko kallon ledar bai yi ba.

"Ina takardar tambayoyi?"

Ya sa na faɗa masa abin da na rubuta, layi bayan layi, ga robar iska a hancinsa. A ta huɗu ya ɗaga hannu.

"Ramuka nawa ka ƙirga?"

"Uku."

"Na ukun a wajen da'ira yake. Ka shiga gonar maƙwabci ka yi girbi." Ya rufe ido yana motsa leɓe, nas ta leƙo ta ɗauka addu'a yake yi. "Hamsin da biyu. Ka ci, amma ba ka iya ba."

"Baba, ai ta biyar na yi ta duka. Zan kai sittin."

"Hamsin da biyu. Bakano da cika baki. Tashi ka ba ni wuri."

Bayan kwana uku ya rasu. Da yawanku kuna wurin jana'iza, a nan aka binne shi.

Sakamako ya fito bayan sati biyu, ina cikin jirgin ƙasa. Hamsin da huɗu. Na tsira, bizata ta tsira. Amma abin da ya fara zuwa mini ba murna ba ne. Cewa na yi, yauwa, tsohon nan ya yi kuskure da maki biyu, yau sai ya amsa da bakinsa. Na sauka a Abu Hail da waya a hannu, ina ta shirya abin da zan faɗa masa, har na iso ƙofar shago. Wani mutum ne daban a kan sikeli, ya tambaye ni ko ina da kaya.

Allah ya jiƙan Baba Isuhu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ranar da za a duba tasa takardar, Allah ya ƙara masa fiye da yadda ya ƙirga wa kansa.