Harisu, Wanda Ya Ƙi Kashe Kyamara

Duk mai bi ta kasuwar Gadarif da hantsi ya san Harisu. Yana ƙofar shagonsa, kofin jabana, wato gahawa, a gefe, yana goge idon kyamara da bakin rawani. Aure, suna, tarbar alhazai, tun zamanin kaset shi ake kira. Bana ya ce gwiwa ta gaji, ya bar wa 'yarsa Zaituna shagon.

Wata shekara Malam Modibbo, malamin makarantar unguwarmu, ya tara matasa ya ce za su ɗora wani tsohon fim ɗin Masar mai waƙe-waƙe a kan dandamali, da Hausa. Harisu ya ɗauki nauyin ɗaukar atisayen. Damina guda ana koyon rawa, Hanatu tela tana ɗinkin kaya. Ana gab da wasa riɗi ya nuna, shi kuwa in aka makara fashewa yake ya zube. Motoci suka kwashe 'yan wasan zuwa gonakin Fashaga, har da jarumin, Jatau.

Modibbo ya zauna a kan katakon dandamali ya dafe kai. "Khalas, shi ke nan, Harisu, kashe abin nan. Kada ka ɗauki kunyata."

"Malam, wasan ne ya mutu," in ji Harisu. "Masu waƙar suna nan da ransu."

Ya rungume kyamara ya hau bayan lori. A Fashaga ya tarar da Jatau riƙe da lauje yana rera waƙar jarumi, leburorin da ko Hausa ba sa ji suna yi masa amshi. Ya ɗauka, rana na dukansa. Ya dawo ya ɗauki Hanatu tana ninke rigunan da ba wanda ya sa. Ya haɗa duka ya zama fim.

Ranar da aka haska shi a filin makaranta, har daga Basunda aka zo. Da waƙar gona ta tashi, fili duka ya kama amshi. Modibbo ya miƙe da hawaye, ya ɗaga hannun Harisu sama yana cewa, "Ga mai wasan nan!"

Kai ne idon unguwa, Harisu. Kai ne ka tsaya lokacin da kowa ya juya baya, ka nuna mana kanmu muna waƙa cikin wahala. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma matasa masu ɗauka da waya, in abu ya rushe a gabanku, ku bi mutanensa ku ga inda suka nufa.